Ba Ta Kwana da Fushi

A shagon wanki da guga da ke bayan tashar mota kowa ya san Sanyi. Ita ce matar da ke tsaye a tebur na ƙarshe, kusa da tagar da ba ta buɗuwa, dutsen guga a hannun dama, kwalbar feshin ruwa a hagu. Ta haura arba'in, kafaɗarta ta dama ta fi ta hagu tudu saboda aiki, kuma idan ta kama wuyan riga ta sake shi sai ka rantse yanzu aka ciro rigar daga kanti. Mai shago yana yabonta a gaban masu kawo kaya, amma ba don gugar ba. Abin da yake cewa shi ne, "Wannan baiwar Allah, ko me ka yi mata ba ta riƙewa." Yana faɗa baki har kunne, kamar mai tallan katifa. Ita kuwa duk lokacin da ta ji, sai ta danna dutsen a kan rigar da ƙarfin da ya wuce kima.

Sunan ma ba ita ta zaɓa ba. Mahaifiyarta, Umma, ce ta laƙaba mata shi tun tana 'yar mitsitsiya, wai ita ruwan sanyi ce, duk wutar da ta tashi a gida ita ke kashe ta. Sunan ya bi ta makaranta, ya bi ta gidan miji, ya biyo ta har teburin guga. Asalinsa kuwa daga bakin ƙofar ɗakin barci ne.

Umma a asibiti ta yi aiki har ƙarfinta ya ƙare. Ba likita ba ce, ba nas ba ce. Ita ke goge ɗakunan majinyata, ta canza zanen gado, ta kwashe tasa. A nan ta ga abin da ya tsaya mata a rai. Mutane su shigo da gudu da sassafe, su tarar an ja wa nasu mayafi har fuska, su zube a kan simintin da ta gama gogewa suna kuka, suna cewa jiya-jiyan nan suka yi cacar baki kuma ba su shirya ba. Ta ga ɗa a kan gawar uba, ta ga mata a kan gawar miji. Sai ta ɗaukar wa kanta alkawari cewa a gidanta ba wanda zai rufe ido da fushin wani a ransa. Niyya ce mai kyau, wannan ba mai musu. Sai dai ana iya cutar da kai da kyakkyawar niyya tun daga yarinta har furfura, kuma ba ka da bakin kai ƙara, don duk wanda ka faɗa wa sai ya ce ai uwarka ta kyauta.

Gidansu ɗaki biyu ne da ɗan falo. Babansu direban babbar mota ne, ya shigo kamar baƙo ya fita kamar baƙo, don haka gidan na Umma ne da 'ya'yanta biyu, Sanyi da ƙanenta Auta. Kowane dare, idan yaran sun wanke baki sun hau katifa, sai Umma ta zo ta tsaya a bakin ƙofa, warin maganin goge ƙasa bai gama barin hannunta ba, ta ɗora yatsa a kan makunnin fitila ta ce:

"Wa ke da kaya?"

Kaya, a bakin Umma, shi ne duk abin da aka yi maka da rana wanda har yanzu yake ci maka rai. Idan babu, ta shafa kan kowa, ta ce Allah ya tashe mu lafiya, ta kashe fitila. Idan akwai, fitila ba za ta mutu ba sai an sauke.

Da farko abin yana yi wa Sanyi daɗi. Umma ta zauna a gefen katifa, ta saurari ƙararta har ƙarshe tana shafa mata baya. Auta ya cinye mata rabonta, Auta ya cije ta, Auta ya jefa mata 'yartsana a kwata. Sai Umma ta ce, "Auta, ba wa yayarka haƙuri." Shi kuma ya cusa baki cikin matashin kai ya ce, "Yi haƙuri," ko ɗago ido ba ya yi. Nasa aikin ya ƙare ke nan. Daga nan Umma ta juyo gaba ɗaya ta fuskanci Sanyi.

"To, ke fa?"

"Na yafe."

"Da wannan fuskar? Wannan bai fito daga zuciya ba. Saki ranki ki sake faɗa."

Sai ta yi ta sakewa, ƙwan fitila tsirara a saman kanta yana sukar ido, ga barci, ga makaranta da safe, har ta gano irin fuskar da Umma ke so ta yi mata ita. Ɗan murmushi ne, gira a sake, kai a ɗan karkace. Kafin ta iya karatu sosai ta riga ta iya wannan fuskar.

Auta ma ya koyi nasa darasin, ya ma riga ta ganewa. Tun bai iya ɗaura igiyar takalmi ba ya fahimci cewa duk tsiyar da ya shuka da rana, dare zai wanke masa ita da kalma biyu. Akwai wata tattabara mai karyayyen fiffike da Sanyi ta tsinta a bayan makaranta, ta yi mata gida a kwali, tana ba ta ruwa a murfin kwalba. Har ta fara miƙa fiffiken. Wata rana ta dawo ta tarar da kwalin a buɗe, gashin tsuntsu a warwatse, Auta na zaune a kan dakali yana ba yaran maƙwabta labarin yadda ya ajiye ta a gaban kyanwa don ya ga ko za ta iya tashi. A daren nan ta yi kuka har muryarta ta dishe. Umma ta bar ta ta yi kukanta, ta share mata fuska da gefen zane, sannan ta ce tsuntsu dai ya riga ya mutu, ɗan'uwa kuwa yana raye, wanne za ta riƙe? Sanyi ta yafe. Auta ya riga ya yi nisa a barci, bai ma ji ba.

Da suka girma aka raba musu makwanci, Auta ya koma falo. Tambayar ba ta canza ba, sai dai yanzu Umma a tsakanin ƙofofin biyu take tsayawa. Sau ɗaya tak Sanyi ta gwada ƙi. Tana budurwa lokacin. Babansu ya dawo daga tafiya a gajiye, Auta ya tare shi da labarin wai ya gan ta tsaye da wani saurayi a kwanar titi bayan magariba. Ƙarya ce tsagwaronta, ya yi ta ne don ta ƙi wanke masa rigunan ƙwallo. Baba bai tambayi kowa ba ya kwaɗa mata mari, shi da bai taɓa ɗaga mata hannu ba. Da dare Umma ta yi tambayarta, Sanyi ta ce:

"Ina da kaya, kuma ban yafe ba."

Umma ba ta yi faɗa ba. Da ma faɗan ta yi, da ya fi sauƙi. Kujera 'yar tsugunno ta ɗauko ta zauna a bakin ƙofa, ta naɗe hannu, fitila a kunne.

"Idan aka wayi gari ɗayanku babu fa? Me za ki ce wa kanki?"

"Shi me zai ce wa kansa, Umma?"

"Shi ya ba da haƙuri. Ke kika rage."

Haka suka zauna, uwar na gyangyaɗi tana farkawa, matar da za ta tashi da asuba ta je ta goge ɗakunan marasa lafiya. Sanyi ta kalli ƙafafun Umma da suka kumbura, ta ji minsharin Auta daga falo, ta faɗi abin da ake so ta faɗa. Umma ta miƙe da ƙyar, ta shafa mata kumatun da aka mara, ta ce, "Shi ya sa nake ce miki Sanyi." Ba ta taɓa tsanar sunan kamar daren nan ba.

Aure bai raba ta da tambayar ba, waya kawai ta shiga tsakani. Ranar da aka kai ta, Umma ta dubi angon, wani mai gyaran wutar lantarki, ta ce masa cike da alfahari, "Na ba ka macen da ba ta kwana da fushi." Mutumin ya ji, ya kuma riƙe wannan fiye da duk nasihar da aka yi masa. Ya dizga ta a gaban abokansa, ya kwana a waje bai faɗi inda yake ba, idan ya dawo ya cire takalmi ya ce, "Ai na san ki." Kuma kowane dare wayar Umma ta shigo da tambayarta. Har shi ake miƙa wa wayar ya ce ya ba da haƙuri, yana faɗa yana tauna abinci.

Abin da ya fi tsaya mata a wuya shi ne ranar haihuwa. Mijin ba ya gari. An yi da Auta, wanda yake tuƙa tasi a lokacin, cewa da an kira shi zai zo. Naƙuda ta tashi da yamma, aka kira, wayarsa a kashe. Yana gidan kallon ƙwallo, ba ya son a dame shi. Wata maƙwabciya ce ta tare motar ɗaukar kaya a titi, aka kwantar da Sanyi a baya a kan buhunan wofi. Ta zubar da jini har ma'aikatan asibiti suka fara kallon juna. Da ta farfaɗo, jaririya a gefenta, sai ta ga Umma tsaye a kanta, Auta a bayanta da ledar lemo yana sosa ƙeya. Umma ta yi mata sannu, sannan ta sunkuyo ta raɗa mata a kunne:

"Kin gani ko? Da yau kin tafi, da da fushinsa za ki tafi. Sauke, 'yata."

Sanyi ba ta da ƙarfin ɗaga kai daga matashi, amma ta samu ƙarfin yin fuskar.

Auren ya mutu yarinyar tana rarrafe. Mijin ne ya tafi, shi da kansa ya gaji. Sanyi ta kama ɗaki biyu da falo a saman wani bene, bisa shagon mai faci, ta shiga aikin guga. Auta kuwa ya yi ƙiba, ya yi abokai, kowa na cewa mutum ne mai sauƙin kai wanda ba ya riƙe komai a rai. Da me zai riƙe? Barcinsa yake yi har da juyi. Ita ce ke kwance ido biyu tana cizon haƙora, ta tashi da ciwon muƙamuƙi, ta je ta sauke shi a kan rigunan mutane.

Yarinyar ta fito da wani hali da ba a san inda ta samo shi ba. Tun bakinta bai gama buɗewa ba ba ta ɗaukar raini. Ta yi musu da malamarsu a kan wa ya fara tsokana, ta daina gaida mai facin da ke ƙasan benensu saboda ya taka mata ƙafa bai ce komai ba. Unguwa ta sa mata Barkono. Ana kawo ƙararta, Sanyi tana ba da haƙuri a baki, a ciki kuwa kamar ta taka rawa. Yarinyar tana sa tabarau don idonta ba ya ganin allo, kuma idan ta fusata sai ta tura shi sama da ɗan yatsa kafin ta fara magana, kamar wata alƙaliya.

Su ma suna da nasu na dare. Sanyi ta zauna a gefen gado tana shafa wa hannayenta mai, don tururi yana busar da fata har ta tsage, Barkono kuma ta kwanta rigingine ta jero duk waɗanda suka ɓata mata rai tun safe. Uwar ba ta cewa komai sai, "Gaskiya ba ta kyauta ba," ko, "Wannan ai ɗan rainin hankali ne." Wani lokaci Barkono ta ce, "Gobe ma ba zan yi mata magana ba," uwar ta ce, "Sai ki ga yadda kika tashi." Ta cire mata tabarau ta ajiye a kan taga, ta kashe fitila, da fushin da komai. Da safe yarinyar ta manta rabi, rabi ba ta manta ba, kuma ba wanda ya mutu. Wayar Umma tana shigowa har lokacin, amma Sanyi a baranda take amsawa, ta ce babu kaya, don kada 'yarta ta ji. Abu ɗaya take da shi a duniya da ta tabbata ta yi shi daidai, shi ne yarinyar nan da ke iya cewa an yi mata ba daidai ba.

Sai Baba ya rasu, gwiwoyin Umma kuma suka ƙi. Ba a ma yi shawarar wajen wa za ta zauna ba, wa zai ɓata bakinsa ya tambayi Auta? Sanyi ta bar mata ɗakinta, ta koma shimfiɗa a falo. Ba a daɗe ba Auta ya hau bene da ɗansa, wanda ya ɗan girmi Barkono, wai matarsa ta yi yaji, shi kuma zai je neman aiki wani gari, yaron ya ɗan zauna wajen kakarsa. Wajen kakarsa, wato gidan Sanyi. Ya ajiye jakar yaron ya ce, "Yaya, yi haƙuri fa," ya sauka yana amsa waya. Aka shimfiɗa wa yaron katifa a ƙasa a ɗakin Barkono.

Baki ya ƙaru a gida, don haka da mai shago ya samu aikin wanke wa wani otal kayan gado yana neman masu aikin yamma, Sanyi ta karɓa. Zanen gado, rigar matashi, tawul, tuli guda a cikin kwanduna, suna zuwa da ɗanshi daga injin matsa. Zanen gado ba ya son gaggawa. Sai ka ninka shi biyu, ka daidaita bakinsa, ka bi shi daga tsakiya zuwa gefe, in ba haka ba ya yi maka kunne a kusurwa, otal ya dawo da shi. Tana cikin wannan har bayan yara sun yi barci, ke nan kwantar da su ya koma hannun Umma. Sanyi ta san haka. Ta san sarai abin da Umma ke yi a bakin ƙofa. Ta ce wa kanta ai Barkono ce, ba ta lanƙwasuwa.

Alamun a hankali suka zo. Ƙarar da ake kawowa ta ragu, sannan ta ɗauke. Mai faci ya tare ta a matakala ya ce yarinyar ta yi hankali, har ta dawo tana gaishe shi. Malama ta ce ta natsu. Kowa na yi mata barka, ita kuwa tsoro take ji. Ranar hutunta ta zauna a gefen gado da kwalbar mai ta ce, "To, yau wa ya taɓo mini ke?" Barkono ta karkata kai ta yi ɗan murmushi ta ce ba kowa. Sanyi ta san murmushin nan kamar tafin hannunta. Ta kasa shafa man, ta rufe kwalbar ta fita.

Ranar da abin ya fashe, injin tururin shago ne ya lalace, mai shago ya sallami kowa da wuri. Sanyi ta hau bene da takalmi a hannu saboda ƙafarta na ciwo, shi ya sa ba a ji zuwanta ba. Tana tura ƙofar falo ta hango Umma a bakin ɗakin yara, ta dogara da sanda, ɗayan hannun a jikin bango.

"Ya ba ki haƙuri. Ke fa?"

"Na yafe, Kaka."

"Ɗan saki fuskar."

"Na yafe."

"Yawwa, 'yar albarka. Uwarki sak."

Fitila ta mutu. A kan teburin falo Sanyi ta ga tabarau, hannu ɗaya a karye, gilashi ɗaya ya tsage gida biyu. Umma ta juyo tana jan ƙafa, ta gan ta, ta yi murmushi.

"Yau kin dawo da wuri. Ba wani abu ba ne, wasa suke. Ya fizge mata, ta bi shi, ya jefar ya taka. An riga an sauke."

"Ya taka."

"Yaro ne."

"Da me za ta ga allo gobe?"

"Sai a gyara. Gilashi ne fa, ba rai ba."

Sanyi ta ajiye takalman a hankali, don ta san idan ba ta ajiye ba jifa za ta yi da su. Ta cika ta yi fam, kuma yau ba tebur a gabanta, ba rigar da za ta danne.

"Umma, tun ina yarinya kike tsayawa a ƙofa kina kallona. Ko sau ɗaya kin taɓa juyawa kin kalle shi haka? Kin taɓa hana shi barci?"

"Shi ba shi da kaya. Mai kaya ake taimaka wa ya sauke."

"Wa ya ɗora mini kayan?"

Umma ta zauna a hannun kujera, ta dubi 'yarta kamar ta ga baƙuwa. "Ni na ga abin da ba ki gani ba. Na ga manyan maza suna birgima a ƙasa suna kiran wanda ba zai amsa ba. Ban so ki zama cikinsu ba."

"Sai kika mai da ni bola. Auta ya zubar ya wuce, mijina ya zubar ya wuce. Yanzu ɗan Auta ya zo, kin nuna masa 'yata."

"Ke da bakinki kike cewa kin yafe. Kullum. Ashe ƙarya kike yi mini?"

"Ban yafe tattabarata ba. Ban yafe marin Baba ba. Ban yafe bayan motar nan ba, da jinina a kan buhun mutane. Ko ɗaya ban yafe ba, Umma. Duk suna nan, da su nake kwana, da su nake tashi, kuma ga ni ban mutu ba."

Umma ta sunkuyar da kai. Tsohuwa ce, ƙarama a cikin zanenta, sandarta ta zame ta faɗi ba ta ɗauka ba. Sanyi ta tsaya tana jira, don ko yanzu, ko bayan duk wannan, da Umma za ta ce mata gaskiyarki ce, da ta durƙusa ta rungume ƙafafun nan masu kumburi. Da tsohuwar ta ɗago, muryarta a sanyaye, abin da ta ce shi ne:

"To, na ji. Yi haƙuri. Yanzu ki sauke, dare ya yi. Kada mu kwana a haka, ni da ke."

Wannan ce ta ƙarasa ta. Sanyi ta wuce Umma, ta banka ƙofar ɗakin yara, ta kunna fitila. Duk su biyun idonsu biyu, sun ji komai. Ɗan Auta ya tashi zaune a kan katifarsa, kafin a ce masa kanzil ya ce, "Gwaggo, ki yi haƙuri," da sauri, kansa a ƙasa. Ko kallo bai ishe ta ba. 'Yarta take kallo, wadda ke ƙifta ƙananan idanunta a cikin hasken, ba tabarau.

"Tashi zaune. Ya karya miki tabarau ko bai karya ba?"

"Ya karya."

"Da gangan?"

Yarinyar ta ce, "Ai na riga na yafe, Mama."

"Ba ki yafe ba. Kalle shi ki faɗa masa ba ki yafe ba."

Barkono ta dubi bayan uwarta, inda kakarta ta lallaɓo ta tsaya tana dafe da bango. Ta sake duban uwar. Ba ta ganin fuskokinsu sosai, sai dai ta ji numfashinsu.

"Ban yafe ba," ta ce a hankali, kai a karkace.

"Me kike yi wa murmushi? Daina. Ina muryarki take? Faɗa masa da ƙarfi, yadda kike yi da."

"Ban yafe ba."

"Ba haka ba. Wannan ba ke ba ce. Ya fizge miki abu a fuska, ya jefar, ya sa ƙafa ya taka, kina kallo. Ba ki ji zafi ba? Ba wanda zai kwanta a ɗakin nan sai kin faɗa masa abin da ke ranki."

Yarinyar ta kai ɗan yatsa kan hancinta, ba ta samu abin turawa ba, ta sauke hannun. Idonta ya ciko. Ta gwada ɗaure fuska, ta saki, ta sake gwadawa, tana leƙen uwarta ko wannan ta yi.

"Mama, ki faɗa mini yadda kike so in ce, sai in ce. Barci nake ji."

Sanyi ta tsinci kanta tsaye a bakin ƙofa, yatsanta a kan makunnin fitila. Ɗan Auta kuwa tuni ya ja bargo ya juya fuska bango.